Ikon Baitulmali a Siyasar Amurka: Kuɗin Zubar da Ciki da Taimakon Isra'ila da Falasɗinawa, 1973 zuwa 2025

Gabatarwa

Ga wanda ya hangi al'amarin daga nesa, babu abin da ya haɗa matalauciyar mace mai neman likita a birnin Shikago da ɗan gudun hijirar Falasɗinu mai jiran rabon gari a wani sansani na Zirin Gaza. Matsalar ɗaya ta cikin gidan Amurka ce, ta ɗayan kuwa ta harkokin waje ce. Amma duk wanda ya bi tarihin Majalisar Dokokin Amurka tun daga 1973, zai tarar cewa a cikin takarda iri ɗaya ake yanke makomar su biyun, watau dokar kasafin kuɗi, kuma sau da yawa mutanen da ke yanke ta ɗaya ne.

Manufar wannan lacca ita ce bin diddigin yadda aka yi haka. Ba za a shiga hukuncin zubar da ciki a addini ba, haka kuma ba za a tsaya warware asalin rikicin Larabawa da Yahudawa ba, domin kowanne daga cikinsu fage ne mai zaman kansa. Abin da za a duba shi ne wata hujja guda da ta yi ta yawo a zauren Majalisa har fiye da shekara hamsin, watau cewa bai kamata a tilasta wa mai biyan haraji ya ɗauki nauyin abin da zuciyarsa ke ƙyama ba. Za a ga inda wannan hujja ta yi tasiri, da inda aka kau da kai daga gare ta, da kuma dalilin bambancin.

Tushen Ikon Majalisa

Tsarin mulkin Amurka, wanda aka rubuta a 1787, ya tanadi cewa ba za a fitar da ko anini daga baitulmali ba sai da dokar da Majalisa ta zartar. Shugaban Ƙasa yana da ikon yin jawabi, da ƙulla zumunci da ƙasashe, da naɗa jakadu, amma mabuɗin taskar yana hannun Majalisar Wakilai mai kujera 435 da Majalisar Dattijai mai kujera 100. Kowace shekara dole ne a zartar da dokokin kasafi, in ba haka ba ofisoshin gwamnati su tsaya cik.

Daga nan ne wata dabara ta samo asali. Ɗan majalisar da ya san ba zai iya samun rinjayen kafa doka mai zaman kanta ba, sai ya goya wa dokar kasafi wani ɗan sharaɗi na layi biyu ko uku, mai cewa kada a kashe kome daga cikin waɗannan kuɗi a kan abu kaza. Da yake babu mai son a rufe ma'aikatar lafiya ko ta harkokin waje saboda layi uku, sai sharaɗin ya wuce tare da uwar goyonsa. Idan ya wuce sau ɗaya, a shekara mai zuwa sai a kwafe shi, har ya zama al'ada. Mafi yawan abin da za a tattauna a nan ta wannan ƙofa ya shigo.

Shekarar 1973

Abubuwa biyu suka auku a 1973 waɗanda suka kafa harsashin wannan tarihi. Ran 22 ga Janairu, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Roe da Wade, da rinjayen alƙalai 7 a kan 2, cewa tsarin mulki ya ba mace 'yancin zubar da ciki a farkon watanninsa, kuma jihohi ba su da ikon hana ta. Ran 6 ga Oktoba kuwa sojojin Masar da na Siriya suka auka wa sojojin Isra'ila a Sinai da Tuddan Golan, watau yankunan da Isra'ila ta kama a yaƙin 1967.

Kafin wannan lokaci taimakon da Amurka ke ba Isra'ila bai taka kara ya karya ba. Gaskiya ne Shugaba Turuman ya amince da sabuwar ƙasar ran 14 ga Mayu 1948, mintoci kaɗan bayan kafuwarta, amma ya ƙi sayar mata da makamai. Shugaba Aizinhawa ma tilasta mata ya yi ta janye daga Sinai a 1957. Har zuwa 1967 Faransa ce babbar mai ba ta jiragen yaƙi. Yaƙin Oktoba ne ya juya lamarin. Shugaba Nikson ya ba da umurnin jigilar makamai ta sama, sa'an nan ya nemi Majalisa ta ba da taimakon gaggawa na dala miliyan 2,200. Ƙasashen Larabawa suka mai da martani da hana Amurka man fetur. Ƙasashen Afirka da dama, har da Nijeriya, suka yanke hulɗar jakadanci da Isra'ila a wannan shekara, Nijeriya kuwa ba ta maido da ita ba sai a 1992.

A watan Disamba 1973 Majalisa ta amince da kuɗin da Nikson ya nema. A cikin wannan wata ne kuma aka sa hannu a kan dokar taimakon ƙasashen waje wadda ke ɗauke da sharaɗin wani sabon ɗan Majalisar Dattijai daga jihar Karolina ta Arewa, mai suna Jesse Helms. Sharaɗin ya hana amfani da kuɗin taimakon Amurka wajen zubar da ciki a matsayin hanyar ƙayyade iyali a kowace ƙasa. Ke nan a cikin wata guda Majalisa ta buɗe wata taska, ta kuma rufe wata.

Sharaɗin Hyde

Masu adawa da hukuncin Kotun Ƙoli sun fara ne da neman gyara tsarin mulki, amma wannan yana bukatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa da amincewar kashi uku cikin huɗu na jihohi. Da suka ga hanyar ta yi nisa, sai suka koma ga kuɗi. Tun 1965 akwai wani shiri mai suna Medicaid, wanda gwamnatin tarayya da jihohi ke haɗa hannu su biya kuɗin asibitin talakawa. Bayan hukuncin 1973 wannan shiri yana biyan kuɗin zubar da ciki kimanin 300,000 a kowace shekara.

A 1976 wani wakili daga jihar Ilinoi, Henry Hyde, ɗan Jam'iyyar Rifablikan kuma mabiyin ɗarikar Katolika, ya goya wa kasafin ma'aikatar lafiya sharaɗin hana biyan waɗannan kuɗi, sai fa idan rayuwar uwa na cikin haɗari. Majalisa ta zartar da shi ran 30 ga Satumba. Aka kai ƙara, a 1980 kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi a shari'ar Harris da McRae, da alƙalai 5 a kan 4. Ma'anar hukuncin ita ce, mace tana da 'yanci, amma gwamnati ba ta da wajibcin biya mata kuɗin amfani da shi.

Sharaɗin Hyde bai taɓa zama doka ta dindindin ba. Kowace shekara ake sabunta shi, kuma an sha yi masa kwaskwarima. A 1993, zamanin Shugaba Kilinton, aka ƙara togaciyar cikin da aka samu ta hanyar fyaɗe ko daga muharrami. Wasu jihohi, kamar Niyok da Kalifoniya, sun ci gaba da biya daga aljihunsu. Masu goyon bayan sharaɗin suna cewa ya kare lamirin miliyoyin mutane waɗanda suka ɗauki zubar da ciki a matsayin kisan kai. Masu suka kuwa suna cewa mai hali bai taɓa jin nauyinsa ba, talaka kaɗai ya danne. Duka ɓangarorin biyu sun yarda cewa ya rage yawan cikin da matan da ke ƙarƙashin shirin ke zubarwa. Fassarar wannan sakamako ce ta raba su.

Yadda Batutuwan Biyu Suka Haɗu

A farkon al'amari yaƙi da zubar da ciki aikin 'yan Katolika ne. Kiristoci 'yan bishara na kudancin Amurka ba su ɗauke shi da zafi ba. Babban taron 'yan Baftis na Kudu ma ya zartar da ƙuduri a 1971 mai goyon bayan a halatta shi a wasu halaye. Sai a ƙarshen shekarun 1970 ra'ayinsu ya juya. A 1979 wani fasto daga jihar Bajiniya, Jerry Falwell, ya kafa ƙungiyar Moral Majority, watau rinjayen masu ɗa'a, wadda ta sa adawa da zubar da ciki da goyon bayan Isra'ila a jerin manufofinta.

Dalilin goyon bayan na aƙida ne. Da yawa daga cikin 'yan bishara sun yi imani cewa komawar Yahudawa ƙasar Falasɗinu a 1948, da kama Gabashin Birnin Ƙudus a 1967, cikar alkawuran littattafansu ne. Menahem Begin, wanda ya zama Firayim Ministan Isra'ila a 1977, ya gane amfanin wannan runduna, har ya karrama Falwell da lambar girma a 1980. A zaɓen wannan shekara 'yan bishara suka juya wa Shugaba Jimi Kata baya, duk da cewa shi ma ɗan Baftis ne kuma shi ya sasanta Masar da Isra'ila a Kam Debid a 1978, suka mara wa Ronal Regan baya.

Tarihin Helms kansa ya isa misali. A shekarunsa na farko a Majalisa yana cikin masu adawa da taimakon Isra'ila, domin ba ya ƙaunar taimakon ƙasashen waje gaba ɗaya, kuma ya soki mamayar da ta yi wa Labanon a 1982 da kakkausar murya. A zaɓen 1984 ya sha da ƙyar, bayan magoya bayan Isra'ila sun zuba kuɗi a yaƙin neman zaɓen abokin karawarsa. Daga nan ya sake lale, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu kare ta.

Sai dai kada a ɗauka cewa tafiyar duk ɗaya ce. Manyan limaman Katolika suna adawa da zubar da ciki, amma fadar Fafaroma ba ta ƙulla cikakkiyar yarjejeniya da Isra'ila ba sai a 1993, kuma a 2015 ta sa hannu a kan wata yarjejeniya da ƙasar Falasɗinu. Haka nan mafi yawan Yahudawan Amurka Jam'iyyar Dimokurat suke zaɓa, kuma suna goyon bayan 'yancin zubar da ciki. Ƙungiyar kamun ƙafa ta AIPAC ba ta tsoma baki a batun ciki, tana neman abokai ne a jam'iyyun biyu. Wannan shi ya sa batun zubar da ciki ya raba Majalisa gida biyu, batun Isra'ila kuwa ya daɗe yana haɗa ta.

Ƙa'idar Birnin Meksiko

A watan Agusta 1984, wurin taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan jama'a a Birnin Meksiko, wakilan gwamnatin Regan suka bayyana wata sabuwar ƙa'ida. Sharaɗin Helms ya hana amfani da kuɗin Amurka ne kawai. Sabuwar ƙa'idar ta wuce nan: duk ƙungiyar wata ƙasa mai zaman kanta da ke son tallafin Amurka na tsarin iyali, dole ta yi alkawarin ba za ta zubar da ciki ba, ba kuma za ta yi kira gare shi ba, ko da da kuɗin da ta samo daga wani wuri ne.

Hujjar da aka kafa ita ce kuɗi ba su da tambari. Idan aka ba ƙungiya dala ɗaya ta sayi allurar rigakafi, an 'yantar mata da wata dalar ke nan ta yi abin da ta ga dama. Ya kamata a riƙe wannan hujja da kyau, domin za ta sake ɓullowa a batun Falasɗinawa.

Da yake wannan ƙa'ida umurnin Shugaban Ƙasa ce, ta zama abin da ake sokewa ana maidowa duk lokacin da mulki ya canza hannu. Kilinton ya soke ta a 1993, Bush ƙarami ya maido da ita a 2001, Obama ya soke a 2009, Donal Turamp ya maido a 2017, Jo Baidin ya soke a 2021, Turamp ya sake maidowa a 2025, kowannensu a cikin watan Janairu, kwanaki kaɗan bayan rantsuwa. A 2017 an faɗaɗa ta har ta shafi kusan dukkan tallafin lafiya, har da na cutar ƙanjamau da zazzaɓin cizon sauro, watau daga kuɗin da ba su wuce dala miliyan 600 ba zuwa kusan miliyan 9,000. Ta haka ne zaɓen da aka yi a Ohayo ko Fulorida ya riƙa canza sharuɗɗan aikin ƙungiyoyin lafiya a ƙasashen Afirka, har da irin su Nijeriya, inda dokar ƙasa tun asali ba ta yarda da zubar da ciki ba sai domin ceton ran uwa.

Ma'auni Biyu a Gabas ta Tsakiya

Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta Masar da Isra'ila a 1979, taimakon Amurka ga ƙasashen biyu ya zama na kowace shekara. Daga tsakiyar shekarun 1980 Isra'ila tana karɓar kimanin dala miliyan 3,000 a shekara, duka kyauta. Daga baya aka koma yin yarjejeniyar shekara goma-goma: ta 2007 dala miliyan dubu 30 ce, ta 2016 kuwa, wadda gwamnatin Obama ta sa wa hannu, dala miliyan dubu 38 ce.

Waɗannan kuɗi ma akwai dokokin da suka shafe su. Dokar sayar da makamai ta 1976, sa'ar Sharaɗin Hyde, ta taƙaita amfani da makaman Amurka ga kare kai da tsaron cikin gida. Dokar Leahy ta 1997 ta hana taimaka wa duk rundunar da aka samu da mummunan take haƙƙin ɗan Adam. Amma ba kasafai aka yi aiki da irin waɗannan dokoki a kan Isra'ila ba. Regan ya dakatar da aika mata bama-bamai masu 'ya'ya a 1982 saboda abin da ya faru a Labanon. Bush babba kuma a 1991 ya jinkirta tsaya mata a kan bashin dala miliyan dubu 10 saboda gina matsugunan Yahudawa a yankunan da ta mamaye, bai sake ba sai a 1992 bayan Ishaƙ Rabin ya hau mulki. Waɗannan misalai sun yi fice ne saboda ƙarancinsu. Hujjar nan ta cewa kuɗi ba su da tambari, wadda za ta iya nuna cewa kyautar makamai tana 'yantar da wasu kuɗi domin gina matsugunai, ba ta taɓa samun rinjaye a Majalisa ba.

A ɓangaren Falasɗinawa kuwa sharuɗɗa sun yi ta taruwa. Hukumar UNRWA, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa a 1949 domin kula da kimanin mutum 700,000 da suka bar gidajensu ko aka kore su a yaƙin 1948, ta daɗe tana samun mafi girman gudummawarta daga Amurka. Amma dokokin 1990 da 1994 sun hana ba da kuɗi ga duk wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta karɓi Falasɗinu a matsayin cikakkiyar wakiliya. Da hukumar UNESCO ta yi haka a Oktoba 2011, nan take aka tsai da gudummawar Amurka, wadda ta kai kashi 22 cikin ɗari na kasafinta, ko da yake gwamnatin Obama ba ta so ba. Bayan ƙungiyar Hamas ta ci zaɓe a 2006, Majalisa ta ƙara wasu sharuɗɗan. Ko dokar 1995 ta mai da ofishin jakadanci zuwa Birnin Ƙudus, da bulalar kuɗi aka rubuta ta: idan ba a mai da shi ba, a riƙe rabin kuɗin gine-ginen ma'aikatar harkokin waje a ƙetare. Shugabanni huɗu sun yi ta ɗage aiki da ita wata shida-shida, bisa damar da dokar ta ba su.

Watan Maris 2010

Babu lokacin da batutuwan biyu suka yi kafaɗa da kafaɗa kamar watan Maris na 2010. Shugaba Obama ya sa babbar dokar inshorar lafiya a gaba, wadda za ta tallafa wa miliyoyin mutane su sayi inshora daga kamfanoni. Tambayar da ta taso ita ce: idan gwamnati ta biya wani kashi na inshorar da ta ƙunshi zubar da ciki, shin ba ta keta manufar Hyde ba? A Nuwamba 2009 Bart Stupak, ɗan Dimokurat daga jihar Mishigan kuma ɗan Katolika, ya gabatar da gyara mai tsanani, aka amince da shi da ƙuri'a 240 a kan 194, cikinsu har da 'yan jam'iyyar Obama 64. Majalisar Dattijai ta ɗauki hanya mai sassauci wadda Ben Nelson na Nebaraska ya shirya, watau a ware kuɗin zubar da ciki a asusu dabam wanda mai inshora zai biya da kansa, a kuma ba jihohi ikon hanawa ɗungurungum.

Da Dimokurat suka rasa wata kujerar Majalisar Dattijai a Janairu 2010, ya zama dole wakilai su karɓi dokar dattijai yadda take. Stupak da 'yan tsirarun abokansa suka riƙe wuya. Limaman Katolika suka ce a ƙi dokar, ƙungiyar asibitocin Katolika da shugabannin mata masu zaman zuhudu da dama suka ce a karɓa. A ƙarshe Obama ya yi alkawarin ba da umurni mai tabbatar da manufar Hyde a cikin sabuwar dokar. Ran 21 ga Maris aka zartar da ita da ƙuri'a 219 a kan 212, ya sa hannu ran 23, ya ba da umurnin ran 24. Stupak ya sha suka daga ɓangarorin biyu, makonni kaɗan bayan haka ya ce ba zai sake tsayawa takara ba.

A cikin waɗannan makonni ne kuma dangantaka da Isra'ila ta yi tsami. Ran 9 ga Maris, lokacin da Mataimakin Shugaban Ƙasa Baidin ke ziyara can, aka ba da sanarwar gina gidaje 1,600 a wata unguwar Yahudawa da ke Gabashin Birnin Ƙudus. Gwamnatin Obama ta fusata a fili. Ran 23 ga Maris, ranar da aka sa hannu a dokar lafiya, Firayim Minista Netanyahu ya gana da Obama da dare ba tare da masu ɗaukar hoto ba. Amma kafin wata ya ƙare wakilai fiye da 300, daga jam'iyyun biyu, sun sa hannu a wasiƙar da ke neman a warware saɓanin a asirce. Majalisar da ta rabu da tazarar ƙuri'a 7 a kan lafiyar Amurkawa, ta haɗu da gagarumin rinjaye a kan Isra'ila, kuma ba a taɓa ko dala ɗaya daga cikin taimakon ba.

Daga 2017 zuwa 2025

A zamanin mulkin Turamp na farko, rundunar da aka kafa a 1979 ta girbi abin da ta shuka. A Disamba 2017 ya amince da Birnin Ƙudus a matsayin hedkwatar Isra'ila, ran 14 ga Mayu 2018 aka buɗe ofishin jakadanci a can, fastoci biyu 'yan bishara suna cikin masu addu'a a wurin bikin. A wannan rana sojojin Isra'ila suka kashe Falasɗinawa kimanin 60 a zanga-zangar bakin iyakar Gaza. A Maris na shekarar aka zartar da dokar Taylor Force a cikin dokar kasafi, wadda ta hana taimakon da zai amfani Hukumar Falasɗinawa kai tsaye muddin tana biyan alawus ga fursunoni da iyalan waɗanda suka kai hare-hare. Hujjar ita ce dai ta Birnin Meksiko, cewa kuɗi ba su da tambari. A Agusta aka yanke gudummawar UNRWA, wadda ta kai kimanin dala miliyan 360 a 2017. Alƙalai uku da Turamp ya naɗa kuma suna cikin waɗanda suka rushe hukuncin Roe ran 24 ga Yuni 2022, aka mai da batun zubar da ciki hannun jihohi.

Baidin ya maido da kuɗin UNRWA a 2021. Shi da kansa ya daina goyon bayan Sharaɗin Hyde a 2019, jam'iyyarsa ma ta nemi a soke shi tun 2016, amma duk dokokin kasafin da ya sa wa hannu suna ɗauke da shi. Ran 7 ga Oktoba 2023 Hamas ta kai harin da ya hallaka kimanin mutum 1,200 a Isra'ila, aka yi garkuwa da kimanin 250. A yaƙin da ya biyo baya, ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ƙidaya matattu fiye da 60,000 kafin ƙarshen Yuli 2025. A Janairu 2024, bisa zargin da Isra'ila ta yi cewa ma'aikatan UNRWA 12 suna da hannu a harin, Amurka ta dakatar da kuɗin hukumar, a Maris kuma Majalisa ta rubuta hanin a cikin dokar kasafi. Wata guda bayan haka ta amince da ƙarin taimakon soja ga Isra'ila na fiye da dala miliyan dubu 14.

A nan ne hujjar lamirin mai biyan haraji ta koma bakin waɗanda suka daɗe suna ƙin ta. Masu sassaucin ra'ayi da suka ce lamirin wani bai isa ya hana matalauciya magani ba, su ne suka tashi suna cewa ba su yarda a sayi bama-bamai da harajinsu ba. Ƙudurorin da Bernie Sanders ya kawo na hana sayar wa Isra'ila wasu makamai sun samu ƙuri'a ƙasa da 20 a Majalisar Dattijai a Nuwamba 2024, a Yuli 2025 kuma ɗaya daga cikinsu ya samu 27. Ba su yi nasara ba, amma sun nuna cewa haɗin kan da aka gani a 2010 ya fara tsagewa a cikin Jam'iyyar Dimokurat.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fahimtar cewa kowane ɓangare a siyasar Amurka yana ɗaukar hujjar lamiri idan ta yi masa daidai, ya ajiye ta idan ta juyo kansa. Abin da ke sa ta zama doka shi ne samun jama'a masu tsari a bayanta, waɗanda ke tuna yadda wakilinsu ya jefa ƙuri'a, su kuma saka masa ranar zaɓe. Masu adawa da zubar da ciki sun samu irin wannan jama'a, magoya bayan Isra'ila ma sun samu. Waɗanda sharuɗɗan suka fi shafa kuwa, watau matan da ke ƙarƙashin Medicaid, da majinyatan ƙananan asibitocin Afirka, da 'yan gudun hijirar Gaza da Labanon da Jodan, ko dai muryarsu ba ta da ƙarfi a zaɓen Amurka, ko kuma ba su da ƙuri'a a cikinsa sam.

Akwai darasi a nan ga ɗalibin tarihi da kuma ma'aikacin gwamnati. Jawabin shugaba yakan canza da canjin mulki, umurninsa ma ana soke shi da alƙalami guda, kamar yadda Ƙa'idar Birnin Meksiko ta nuna har sau shida. Amma ɗan sharaɗin da Helms ya rubuta a 1973 da wanda Hyde ya rubuta a 1976 sun ga wucewar shugabanni da yawa na jam'iyyun biyu. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Saboda haka jami'in da aka ɗora wa nauyin karɓar tallafi daga wata ƙasa, ya kamata kafin ya sa hannu ya nemi dokar da kuɗin suka fito daga cikinta, ya karanta sharuɗɗanta ɗaya bayan ɗaya, ya kuma binciki ko su wane ne suka rubuta su da abin da suke nema.